Yadda Ƙashin Ƙafata Ya Koma Hannuna

Kwanaki na sa hoton bikin ƙanwata a nan, wata daga cikinku ta tambaye ni me ya sa kullum nake riƙe kofi kamar wadda aka ɗaure wa sanda a hannu. Na yi dariya, don ba ta yi nisa da gaskiya ba. Abin ya kwana biyu, shekarun baya ne can, lokacin muna zaune a Karu, ina jegon 'yata ta fari.

Ciwon ya fara ne tun ina da tsohon ciki, a wuyan hannuna na dama, ta gefen babban yatsa. Ba irin ciwon da ke sa mutum kuka ba ne, tsami ne kawai da ke zuwa ya tafi. Aikina zanen gine-gine ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, yini nake a gaban kwamfuta hannuna a kan maus, don haka aikin na ɗora wa laifi. Da na haihu ban je gida wanka ba, mahaifiyata ce ta zo daga Zariya. Tana ganin ina matsa wurin ta ce sanyin jego ne. Kullum da safe sai ta gasa mini da tawul da ruwan zafi, ta murza man zafi har idona ya kawo ruwa. Wurin ya tasa kamar rabin ƙwan kaza, awarwarona ya daina wucewa. Na cire shi na ajiye, na ce ƙibar jego ce. Ban tsaya na tambayi kaina wace irin ƙiba ce ke zaɓar hannu ɗaya ta bar ɗaya ba.

Wata safiya ina yi wa yarinyar wanka a baho. Na gama, na tallafo ta zan ɗaga, sai na ji wani ɗan ƙas a cikin hannun, kamar an taka busasshen kara. Hannun ya sake. Yarinyar ta sulale ta koma cikin ruwan, na cafke ta da hagu. Ba abin da ya same ta, ko ruwa ba ta sha ba, ihu kawai ta tsala. Mahaifiyata ta shigo da gudu ta karɓe ta, ta dubi hannuna yana reto, ba ta ƙara maganar sanyi ba. Ta ce, "Kira mijinki."

A asibiti aka yi hoton hannun, aka tura mu wurin likitan ƙashi. Mutumin Filato ne, mai fama da furfura, Hausarsa irin ta Jos. Ya manna hoton a jikin fitila ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in matso.

"Madam, kin ga nan? Wannan ƙashi ne lafiyayye, fari tas. To dubi ƙarshensa, wajen gaɓa."

Na duba. Wurin ya kumbura, cikinsa duhu-duhu da zane-zane, kamar kumfar sabulu.

"Wani abu ya cinye cikin ƙashin, ya bar ɓawo. Ɓawon ne ya tsage da kika ɗaga bebi."

Mijina ya ce, "Dokta, kansa ce? Ciwon daji?"

"Ban sani ba tukuna. Ina da zato, amma ba na yanka mutum a kan zato."

Suka sa wata allura mai kauri suka ɗebo ɗan abin da ke ciki, aka kai ɗakin gwaji, aka naɗe mini hannun, aka ce mu je mu jira. A zaman jiran nan ne na gane ni da mijina ba iri ɗaya ba ne. Ni na ƙi karanta komai a kan ciwon, na ci abincina, na yi barcina. Shi kuwa ya karance duk abin da ke intanet, ya daina cin abinci, ya rame. Baƙi in sun zo dubiya sai su fara yi masa sannu kafin su juyo kaina.

Da sakamako ya fito likitan ya ce ƙari ne, sunansa giant cell tumour, wai saboda in an duba shi a madubin gwaji ƙwayoyinsa ƙatti ne. Duk gidanmu ni ce gajera. Abu ɗaya da na taɓa mallaka da aka kira ƙato, sai ya zama ƙari.

Ya ce, "Ba kansa ba ne, ki gode wa Allah. Amma kar ki yi murna da yawa, abin nan ba shi da kunya. Ka kore shi, ya dawo. Wani lokaci, ba kasafai ba, yakan leƙa huhu. Saboda haka ni da ke mun zama 'yan'uwa, za ki gaji da ganina."

Ya bayyana aikin da zai yi. Zai buɗe ƙofa a jikin ƙashin, ya kankare ƙarin tas kamar yadda ake kankare ƙanzo a tukunya, ya bi bangon da wani ɗan inji ya goge, sannan ya cike ramin da siminti.

Mahaifiyata na zaune a gefe da yarinyar a cinya. Da aka zo nan sai ta katse shi.

"Siminti? A jikin mutum?"

"Ba na gini ba ne, Mama. Na ƙashi ne."

"Ni dai an ba ni labarin wani mai ɗori a Paikon Kore, an ce hannunsa da albarka. Ba yanka, ba siminti."

Na zaci zai ji haushi. Sai ya juya kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Mama, ni ma mai ɗori ne ya gyara mini ƙafa ina yaro, ga ta ina takawa. Amma mai ɗori ƙashi biyu yake samu ya haɗa. Nan babu abin haɗawa. Kamar ƙwai ne da aka tsotse cikinsa. In ya kama ya matsa, me zai faru?"

Ta ɗan jijjiga yarinyar. Can ta ce, "To Allah Ya sa a dace." A mota kuma ta ce mini, "Kin yi ta zana wa mutane gidaje, ga shi ke ma za a yi miki filasta."

Aikin farko bai ba ni wahala ba. Na tuna sanyin ɗakin tiyata, da wata nas da ta ce in ƙirga daga goma zuwa ƙasa, na ce mata da Hausa ko da Turanci, ban ji amsarta ba. Na farka hannuna a rataye, bakina a bushe, abin da na fara tambaya shi ne ko yarinyar ta karɓi madarar da na tatsa. Ta ƙi, aka ce, sai da mahaifiyata ta ba ta da cokali. Bayan 'yan makonni aka cire ɗinki, na fara zuwa gashin ƙashi, wuyan hannun ya dawo yana lanƙwasa kusan kamar da. A hoto simintin fari fat, ya fi ƙashin nawa kyau. Mahaifiyata ta koma Zariya, na koma ofis, na koma faman cunkoson Nyanya safe da yamma.

Duk bayan 'yan watanni nakan je a yi hoton hannu da na ƙirji. Tun ina zuwa da faɗuwar gaba har ya zama kamar zuwa cefane. Yarinyar ta yi rarrafe, ta yi tafiya, na yaye ta. Akwai zuwan da na so in tsallake, don ranar muna da taro a ofis kuma ba abin da ke damuna. Mijina ne ya ɗauki makullin mota ya tsaya a bakin ƙofa ya ce taron zai yiwu ba ni.

Ranar likitan bai yi mini barkwancin da ya saba ba. Ya jera sabon hoto da tsoho, ya nuna mini wani baƙin layi da ya zagaye simintin, da wani ɗan rami kusa da gaɓa da babu shi a da.

"Ya dawo, Madam."

Abin mamaki, ban ji komai ba. Na ce, "To." Kamar an ce mini an ɗauke wuta.

Aka sake hotuna masu zurfi, irin wanda ake tura mutum cikin na'ura. Huhu lafiya lau. Amma ƙarin ya ci bangon ƙashin ta baya, ya fara leƙowa waje wajen jijiyoyin yatsu. Likitan ya zaunar da mu ya ce hanya biyu ce.

"Ta farko, in fasa simintin in sake kankarewa. Wuyan hannunki zai ci gaba da motsi. Amma abin da ya rage na ƙashin siriri ne ƙwarai, kuma ba zan yi miki alkawarin ba za mu sake haɗuwa a tiyata ba. In ya dawo karo na uku, ban san me zai bar mini in yi aiki da shi ba. Ta biyu, in yanke ƙarshen ƙashin gaba ɗaya, da ƙarin da simintin, in fitar da su a dunƙule."

"Sai a sa me a wurin?"

Ya sunkuya ya taɓa gefen ƙwaurinsa. "Nan akwai ƙashi biyu, babba da siriri. Babban ne ke ɗaukar nauyinki. Zan yanko sashen siririn in kawo shi hannu, in ɗaure da ƙarfe da noti har ya manne. Ƙafa za ta yi tafiyarta. Yatsu za su yi aiki, za ki iya juya tafin hannu sama da ƙasa. Amma wuyan hannun ba zai ƙara lanƙwasawa ba."

"Har yaushe?"

"Har abada."

Ya ce da a ce 'yarsa ce, ta biyun zai zaɓa, amma hannun nawa ne, in je in yi tunani.

Mijina tun a mota ya yanke nasa hukuncin. A sake kankarewa. Ya ce shekaruna nawa da za a sandare mini hannun dama, ya ce ilimi kullum gaba yake yi, wa ya san abin da za a gano nan da 'yan shekaru. Ya kai hotunan wurin wani likitan, shi ma ya faɗi kusan abin da na farko ya faɗa, sai ya ce zai nemi na uku. Ban yi masa musu ba. Na lura dai duk maganar da ake yi, daga ni har shi ba wanda ya san yadda rayuwa take da hannun da ba ya lanƙwasa. Muna ta gardama a kan abin da ba mu taɓa gani ba.

Washegari a ofis na ɗauki rula ta ƙarfe a kan teburina, na ɗora ta daga bayan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu, na ce wa abokiyar aikina ta naɗe mini da bandeji. 'Yar Nasarawa ce, teburinmu na kallon juna, ita kaɗai ta san halin da nake ciki a ofishin.

"Wannan kuma wane sabon magani ne?"

"Gwaji nake. Ki ɗaure sosai."

Ta ɗaure tana girgiza kai. "In oga ya tambaya, zan ce kina auna kanki ne."

Na yi kusan mako da rular nan, ba na cire ta sai zan yi alwala ko wanka. Maus bai ba ni matsala ba, na koyi tura shi daga gwiwar hannu. Tuƙi ya yiwu. Rubutu ya yi muni, amma dama can ba kyau gare shi ba. Cin tuwo ne ya ba ni kunya: kafin loma ta kai baki sai na ɗaga gwiwar hannu sama kamar kaza za ta tashi, miya na bin bandeji. Tuƙa tuwon ma sai da hannu biyu. Na kasa murɗe wanki, na kasa dafa katifa in miƙe. Goyo kuwa na yi ta fama, in sunkuya in cilla yarinyar baya da hagu, zanin ya kwance, in sake. A rana ta uku ko ta huɗu na gano dabarar soke bakin zanin da yatsu kawai, in ja majanyi da haƙori. Ba kyan gani, amma ta zauna daram.

Na kira mahaifiyata na faɗa mata duka, har da rular. Na shirya jin faɗa, don ita ce mai tsoron wuƙa.

Ta ce, "Da rular kin goya ta?"

"Na goya ta, Umma."

"Kin ci abinci?"

"Na ci. Da ɓarna dai."

"To a yanke. Ni na ga fuskarki ranar da yarinyar nan ta suɓuce miki. Ba na son ki yi ta zama kina sauraren hannunki. Ba ni shi."

Na miƙa wa mijina wayar. Ban san me ta ce masa ba, na ji dai yana ta "To, Umma. Haka ne, Umma." Da ya ajiye ya daɗe yana kallon bandejin da ya sha miyar kuka, sannan ya ce, "In za a yi, a yi kafin azumi."

Aiki na biyu ya ɗauki mafi yawan yini. Da na farka, abin da ban yi tsammani ba, ƙafar ta fi hannun ciwo nesa ba kusa ba. Na ce wa nas ɗin an yi kuskure, lafiyayyar aka yanka. Likitan ya zo zagaye ya ce in motsa yatsun hannu, na motsa. Ya ce in ɗaga babban yatsan ƙafa, na ɗaga. Ya sauke numfashi, sai a lokacin na gane shi ma da nasa tsoron ya shiga. Ya ce ƙarin ya fita a dunƙule, bai fashe ba.

Watannin da suka biyo baya ba su da wani labari, jira ne kawai. Hannu a cikin filasta mai tauri, ƙafa tana ɗingishi, sanda a hannun hagu. Mahaifiyata ta dawo ta karɓi gidan. Mijina ya koyi ɗaura mini ɗankwali, ɗaurin da ko a makaranta ba za a yarda da shi ba, haka nake fita da shi. Duk zuwa asibiti tambaya ɗaya ce, ko ƙashin ƙafar ya yarda ya manne da na hannun. Gefe ɗaya ya kama da wuri, ɗayan ya yi ta jan rai, har aka fara maganar ƙila a sake buɗewa a ƙara masa ɗan ƙashi daga ƙugu. Na ce wa likitan in aka ci gaba a haka, sai an rasa inda za a ce nan ne asalin wani abu a jikina. Allah Ya taimaka, zuwa na gaba ya nuna mini farin gajimare ya rufe tsagar. Ya ce, "Sun daidaita."

Sau ɗaya na yi kuka a duk lamarin, kuma ba a asibiti ba. Bayan an cire filastar ne, mun raka mahaifiyata tasha za ta koma. Motar ta tashi, na ɗaga hannu zan yi mata bai-bai, hannun ya tsaya ƙyam kamar allon kan titi. Yatsun kawai suka motsa. A nan tsakiyar tasha, gaban masu sayar da burodi, na fashe da kuka. Mijina ya rasa me ya faru, don shi a ganinsa an wuce wurin kuka tun tuni.

Yanzu shekaru sun ja. Ƙarin bai dawo ba, huhu lafiya, zuwa asibitin ya koma sau ɗaya a shekara, kuma ban ƙara yunƙurin tsallakewa ba. Na sake haihuwa, na goya da haƙori da yatsu. Ƙafar ba ta tuna an ɗauki komai a jikinta ba sai in na yi doguwar tafiya. In na ce abin ya mayar da ni wata mutum ta daban na yi ƙarya. Abin da na sani shi ne, da aka ce mini ba kansa ba ne na ɗauka an gama magana, ashe tsakanin abin da ke kisa da abin da ba komai ba akwai fili mai faɗi, mutane da yawa a nan suke zaune. Na kuma gane cewa abin da na fi tsoro, da na ɗaura shi a hannu na yini da shi, sai ya zama jerin ƙananan wahalhalu, kowace da dabararta. Wasu na samo dabarar, wasu na haƙura. Har yau wani ke murɗe mini wanki.

Sallah ma da nata. Tafin hannun ba ya shimfiɗuwa a ƙasa yadda ya kamata in zan yi sujada, don haka nakan dunƙule shi in dafa da bayan yatsu. Na tambayi malami tun farko, ya ce in yi yadda zan iya. Na saba har na manta ina yi.

Bara malamar Islamiyyar su 'yata ta fari ta aiko a kira ni. Na je ina tunanin ko faɗa ta yi. Malamar ta ja ni gefe, ta rage murya.

"Maman yara, ko kun taɓa kai yarinyar nan a duba mata hannu? In za ta yi sujada sai ta dunƙule na dama. Na gyara mata ya fi a ƙirga, gobe ta koma."

Na kira yarinyar na ce ta buɗe hannun, ta buɗe. Na ce ta lanƙwasa, ta lanƙwasa shi gaba da baya, lafiya ƙalau. Na ce to me ya sa take dunƙulewa?

Ta dube ni, ta dubi malamar, kamar mu ne ba mu da hankali.

"Ai haka ake yi. Malama ce ba ta iya ba."